Ƙwayar da Anka Samu Cikin Jakata

Lahadi, bayan azahar

Goggo Uwaliya ta buɗe jakata ta makaranta. Ta ce almakashi take nema. Tun Juma'a da ta zo daga Rabah take neman almakashin nan. Ta neme shi ƙarƙashin katifar Yaya Sa'adiyya, matar yayana Jelani, ta neme shi cikin kwanonin jerenta, yau kuma neman ya biyo ta jakata.

Ta fara fiddo littattafan soyayyar da ƙawata Lami ta ara mani, tana riƙe kowane da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Sannan ta kai ga ɗan farin kwalin da ke can ƙasa, naɗe cikin safa.

Ba ta tambaye ni komi ba. Hijabi ta zura ta tafi wurin Mode mai kemis a bakin kasuwa. Da ta dawo ko zama ba ta yi ba, ta tsaya tsakar gida gaban Inna da Yaya Sa'adiyya ta ɗaga kwalin sama.

"Mode yac ce maganin haihuwa na, na mata masu neman ciki. Ke Sauda, ke da ko goron tambaya ba a kawo ba, mi kika yi da shi?"

Na ce, "Ba nau ba na."

"To na wa na?"

Na dubi ƙasa. Wata tururuwa na jan ƙwayar shinkafa kusa da babban yatsana, na bi ta da ido har ta shige ƙarƙashin turmi.

Ban faɗa ba. Ba ni faɗa.

Lahadi, gab da magariba

Baba ya kira ni zaure bayan masu ɗaukar karatu sun watse. Ya aje kwalin bisa buzu tsakaninmu. Baba bai iya tsawa ba, da ma ya iya da ya fi mani sauƙi.

Ya ce, "Saudatu, ban ce kin yi wani abu ba. Amma ɗiyar da ka ɓoye ma ubanta irin wanga abu, ban san mi za ni ce ma mutane bisa kanta ba. Ba ki komawa makaranta sai na san mai shi."

Ya sa kwalin cikin aljihun rigarsa. Jarabawar ƙarshen zango ta kusa, ya sani.

Littattafan kuwa Goggo ta ɗaure su da zare ta kai gidan su Lami da kanta. Ina tsakiyar karanta ɗaya. An bar yarinyar tsaye a tasha da akwati, shi kuma yana tafe cikin mota bai san ta fito ba.

Yaya Jelani ya dawo daga fadama, ya ji komi, ya ci tuwonsa, ya wanke hannu.

Litinin, da hantsi

Kowa ya tafi makaranta. Na ji wucewarsu ta bayan katanga, har na gane dariyar Lami.

Bari in rubuta shi a nan ko zuciyata ta rage nauyi.

Bara waccan Yaya Jelani shi kaɗai ke saɓa injin ban ruwa daga babur har bakin rafi. Bana sai ya tada injin ya zauna gefen fangali, ruwa ya cika ya ɓalle ya kwanta bisa albasa shi yana gyangyaɗi. Ya yi tumbi, ya yi saurin fushi, ya bar zuwa hira. Baba har ya kira shi malalaci gaban baƙi. Da ya kai tafarnuwa Sakkwato sai ya biya asibiti shi kaɗai. Anka ɗebi jininsa da sassafe, anka ce ya sake dawowa, anka sake ɗiba. Likita ya ce wani sinadari na jikin maza ne ya yi masa ƙasa. Testosteron. Na iya rubuta shi don malamin bayoloji ya taɓa sa shi a allo ya goge da sauri. Likita ya ce akwai allurarsa, amma allurar tana rage ma namiji haihuwa, shi kuwa shekara uku da aure gidansa shiru. Shi ne ya rubuta masa wannan ƙwayar. Don mata anka yi ta, amma in namiji ya sha takan tada jikinsa ya yi nasa sinadarin da kansa. Rabi zai riƙa sha, bayan wani lokaci ya koma a sake duba jini.

Yaya na karanta Larabci kamar ruwa, amma boko bai wuce haɗa baƙi ba. Ya kira ni bayan rumfar albasa ya ce in karanta masa takardar da ke cikin kwalin. Na karanta, kunnuwana na zafi. Daga sama har ƙasa zancen mata ne.

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Kin gani ko? Yayanki ya koma shan maganin mata." Sannan ya ce in aje masa, don Goggo ba ta barin ɗakin matarsa in ta zo. Ya ce in rantse. Na rantse. Kullum da safe in na kai masa kunu, rabin ƙwaya na cikin tafin hannuna.

Har ya fara dawowa. Ran nan na ji shi yana waƙa wurin wanke babur.

Litinin, bayan la'asar

Yau ban kai kunu ba. Bai aiko a karɓa ba.

Talata, da safe

Goggo ta jiƙa ma Yaya Sa'adiyya sassaƙen da ta karɓo a ƙauyen Rara. Baƙi ne, warinsa kamar tsohuwar rijiya. Tana tsaye kanta har ta shanye, sannan ta ce ta buɗe baki.

"Ɗiyan masunta dai, ku ga kihi kun iya, ga haihuwa sai a hankali."

Yaya Sa'adiyya ta goge baki ta ce, "Na gode, Goggo."

Shekara uku tana cewa na gode. Ta sha na Rara, ta sha na Achida, ta sha wanda uwarta ta aiko daga Goronyo. Ba wanda ya taɓa cewa a duba mijin. Ita ma ba ta san da ciwonsa ba, bai gaya mata ba.

Ban ce laifinsa ne ba. Likita ma bai ce haka ba. Amma ita kaɗai ke shan ɗaci.

Laraba, da azahar

Zafi. An sako ruwa daga dam, maza duk sun tafi fadama tun asuba. Ni da kaji.

Alhamis, bayan la'asar

Inna ta je suna unguwar gabas ta dawo da wuri, ba ta ko tsaya rabon tuwo ba. Ta shiga ɗaka ta kwanta da hijabinta. Ƙanwarta Tani ce ta biyo ta, ina jin su ta taga.

Zancen ya fita. Kuma ba yadda ya fita daga gidan nan ya isa can ba. A bakin burtsatse an ce maganin neman ciki ne. A gidan suna an ce na zubarwa ne. Wata ta ce dama ɗiyar Malam Maccido shiru-shirun nan nata ba na Allah ba ne, kullum kai cikin littafin 'yan Kano. Ni da ko sallamar namiji ban iya amsawa sai muryata ta maƙale.

An hana Lami zuwa gidanmu.

A littattafan nan, in anka yi ma yarinya ƙazafi akwai wanda ke shigowa da sauri, dogo, mai ƙamshi, ya ce duk wanda ya taɓa ta shi ya taɓa. Ba ya gajiya, ba a ɗibar jininsa, ba ya jin tsoron majalisa. Yau na zauna ina tunanin ko yana da ƙanwa, kuma mi take ɓoye masa cikin jakarta.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na tare shi. Yana ɗaure tiyo a bayan babur, ba kowa a ƙofar baya. Ban san inda na samo bakin ba.

Na ce, "Yaya, mako ya kusa."

Bai ɗago ba. "Ki yi haƙuri, Sauda. Zance na, shina wucewa."

"Jarabawata ma tana wucewa."

"In na hwaɗi, ina za ni sa kaina a hwadama? Kin san bakin su Atiku masu noma kusa da ni. Har in mutu Jelani mai maganin mata za su kirana."

Na ce, "Ni ina nis sa nau?"

Ya ja igiyar har ta tsinke. Ya tsaya yana kallon guntun da ke hannunsa. Idonsa ya sake faɗawa, kamar kafin maganin. Na so in ji tausayinsa, na hana kaina.

Na ce, "Na rantse, ba ni hwaɗi. Amma ba ni ce maka ba komi, don akwai komi."

Na shigo gida. Na zauna bayan randa har na ji tashin babur ɗinsa.

Asabar, da safe

Ba ni faɗa. Ba ni kuma yin kuka gaban Goggo.

Lahadi, da hantsi

Inna na tsefe mani kai. Can ta ce, ba tare da ta tsaya ba, "Wancan yaron ya bar shan kunu."

Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ba ta zama inda yake, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Tun yana yaro haka suke.

Na ce, "I."

"Tun ran da anka buɗe jakarki."

Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ja wani gashi da ƙarfi har na ce wash.

Ta ce, "Ban tambaye ki ba. Kada ki ce na tambaye ki."

Ke nan ta gane, ko ta kusa. Kuma ba ta iya zuwa ta tsaya gabansa ta ce kai, fito ka wanke ƙanwarka. Kunyar ɗan fari ta ɗaure ta, rantsuwa ta ɗaure ni, shi kuma su Atiku sun ɗaure shi ba su ma sani ba. Goggo kaɗai ke yawo sake cikin gidan nan.

Talata, bayan azahar

Na ɗauko littafin lissafi na yi aikin da ban san ko an ba su ba. Na ba kaina maki. Na ci.

Laraba, bayan magariba

Goggo ta kawo shawara, Baba bai ce a'a ba. Akwai wata tsohuwar ungozoma a Rabah. Ran Asabar za ta kai ni ta duba ni, a san ko ina nan yadda Inna ta haife ni. Ta ce in an dawo da shaida sai a rufe bakin mutane.

Baba ya ce, "Ko kina da abin cewa, Saudatu, kahin Asabar?"

Na ce, "Babu, Baba. Ina zuwa."

Ya daɗe yana dubana. Ina jin ya so in yi gardama.

Zan tafi. Da ƙafata zan shiga motar, ba mai jana. Zan sa hijabina mai ruwan toka, wanda nake ajiya don ranar da ban san ko wace ce ba. In tsohuwar ta gama zan dubi Goggo cikin ido. Ban taɓa duban babba cikin ido ba, amma ina gwadawa a madubi.

Na rubuta wannan da ƙarfin hali.

Alhamis, da la'asar

Yaya Sa'adiyya ta kira ni ɗakinta wai in taya ta tsinkar zogale. Ta saki labule.

Ta ce, "Ƙanwar miji, zamna. Ban tambaye ki inda kinka samo shi ba, ba ruwana. Ki ce nau na. Ki ce ni nib ba ki ajiya don tsoron Goggo. Kowa na yarda."

Na ce, "Ba naki ba na."

"To mi? Ni ai an riga an gama da ni. Juya, an ce. Ɗiyar masunta, an ce. In an ƙara da mai shan magani a ɓoye, wane nauyi za ya ƙara mani? Ke ko yarinya ta. Ba ni bari a kai ki a buɗe ki kamar buhun albasa."

Ta faɗa tana dariya, hannunta na tsinkar ganye. Ni na kasa tsinkar ko ɗaya.

Wannan ita ce ƙofar. A buɗe take tun ranar farko, na gan ta. Kalma ɗaya, ran Litinin ina aji. Amma in na ce nata ne na sa hannu ke nan a kan duk abin da anka ce mata shekara uku. Goggo za ta koma Rabah da shi a baki, ta ce ai ga shi ita da kanta ta san matsalar tata ce.

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Ke dai taurin kai gare ki kamar jakin Shinaka."

Na ce, "Na ji."

Sai ta tsaya da tsinkar. Ta dube ni, ta dubi rigar Yaya da ke rataye a ƙusa. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta koma kan zogalenta.

Juma'a, da safe

Gobe.

Juma'a, bayan la'asar

Na wanke hijabin na goge. Yaya ya wuce ni ina shanya, ya buɗe baki, ya rufe.

Asabar, bayan azahar

Ban tafi Rabah ba.

Bari in bi shi daki-daki, don kaina har yanzu juyawa yake.

Da hantsi mai mota ya tsaya ƙofar gida. Na fito da shirina. Baba ya shigo tsakar gida don ya sallame mu, Inna na bakin madafa ta ba mu baya. Yaya na tsugune wurin randa yana wanke ƙafa, ya makara zuwa fadama, abin da bai saba ba.

Goggo ta ce mu tafi. Sai Yaya Sa'adiyya ta fito ta durƙusa gaban Baba.

Ta ce, "Baba, a gahwarce ni. Maganin ga nau na. Ni nib ba ta ajiya."

Goggo ta tafa hannu. "Na sani. Wallahi raina ya ba ni. Kin bari ana jan yarinya a ƙasa don ki ɓoye ciwonki."

Baba ya sauke numfashi. Na ga sauƙi ya sauko masa a fuska. Ya ce, "Haka na, Saudatu?"

Da na ce i, da shi ke nan.

Na ce, "Ba nata ba na, Baba. Ƙarya taka yi don ta cece ni. Ba nata ba na, ba nau ba na, kuma ba ni hwaɗin mai shi. Goggo, mu tahi, mai mota na jira."

Muryata ta fito da ƙarfi har akuya ta ɗago. Na nufi zaure. Na kai bakin ƙofa sannan na ji butar da ke hannun Yaya ta faɗi.

"Baba, a ba ni maganina."

Ba wanda ya motsa. Yaya ya taso da ƙafa ɗaya a jiƙe, ya durƙusa kusa da matarsa, ya miƙa hannu. Ya faɗi komi kansa a ƙasa. Asibiti, jini, allurar da likita ya hana, dalilin da ya sa anka ba shi na mata. Wani wurin muryarsa ta ɓace sai ya sake farowa.

Goggo ta ce, "Namiji da maganin haihuwa? Jelani, rufa ma kanka asiri, kada ka ɗauki abin da ba naka ba."

Ya ce, "Nau na, Goggo."

Baba ya fiddo kwalin daga aljihu. Ashe kullum yana tare da shi. Ya juya shi, ya ce, "Likita yab ba ka?"

"Shi na."

"Ciwo na ke nan."

"Ciwo na, Baba."

"Kuma kab bari nic ce maka malalaci. Kab bari ƙanwarka ta kai bakin mota." Bai ɗaga murya ba. Ya aje kwalin cikin hannun Yaya. "Sha in gani."

Yaya ya ɓallo ƙwaya ya raba ta da farce. Ya duba wurin ruwa. Kafin kowa ya tashi sai ga moɗa an turo ta daga bakin madafa. Inna ce, ba ta juyo ba. Ya sha gaban kowa.

Baba ya aika a sallami mai mota. Ya wuce ta gabana zai fita, ya tsaya, ya ce, "Ki nemi abin da anka yi a aji bayanki." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na san Baba, wannan da yawa ne.

Lahadi, da safe

Goggo ta jiƙa sassaƙe kamar kullum, ta miƙa. Yaya Sa'adiyya ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Goggo," ta taka har gindin zogale ta tuttule shi. Ta ɗauraye kwanon ta mayar mata.

Tun jiya ba ta yi ma Yaya magana ba. Na ji shi yana cewa za su koma asibitin tare, a duba su duka biyu. Ta ce za ta yi tunani. Kwalin yanzu yana ɗakinsu, bisa taga, inda kowa ke gani.

Goggo ta ce gobe za ta koma. Ba ta ce mani komi ba, amma ta bar mani ƙosai biyu a rufe.

Litinin, bayan an taso makaranta

Na bi ta bakin kasuwa, ban bi ta lungu ba. Mode na share gaban kemis, ya ga ni, ya shige ciki da tsintsiyarsa.

Zancen ya riga ni isa. Lami ta ce tun jiya a fadama su Atiku sunka fara, wai in Jelani ya haihu su za su yi masa wankan jego. Ta ce bai tanka ba, ya tada injinsa. Wasu kuma har yanzu sun fi son labarin farko, ya fi daɗi. Ba zan bi su gida-gida ba.

Lokacin hutun tara wata 'yar ajinmu ta zo da ƙawayenta, ta ce, "Sauda, wai gaskiya na yayanku ka shan maganin mata?"

Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi kamar kullum. Na bar su su yi zafinsu.

Na ce, "Gaskiya na. Likita yab ba shi. Akwai wata tambaya?"

Babu.

An wuce ni babi biyu a lissafi, jarabawa kuma Litinin mai zuwa. Da na dawo na iske Yaya a zaure. Ya ce, "Sannu da dawowa, Sauda." Ya matsa ya ba ni hanya, shi da ko ƙafa bai taɓa janye mani ba.

Ban amsa ba tukuna. Wataƙila ran Alhamis.